"AI YANA SALLAH, MALAM"

 

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa saƙonni suke ta shigo mini, kuma kusan duka tambaya ɗaya ce ake sauya mata riga: Malam, wa za mu zaɓa? Ba zan kama sunan kowa ba, wannan shafi ba ofishin jam'iyya ba ne. Amma akwai wata magana da take ta maimaituwa a cikin saƙonnin, ita ce ta sa na zauna yin wannan rubutu. Mutum zai ce ga ɗan takararsa, in ka tambaye shi dalili sai ya ce: "Ai yana sallah, Malam. Ya gina mana masallaci, duk azumi yana Umara, tafsirin da ake sawa a rediyo ma shi yake biya." A wurinsa an gama magana ke nan. Ni kuwa a wurina yanzu aka fara ta.

Bari mu fara da sanin mece ce ƙuri'a a ma'aunin addini. Idan ka shiga layi, aka tantance ka, ka dangwala yatsa a gaban alamar wata jam'iyya, shaida ka bayar. Ka ce: ni wane, na shaida a cikin waɗanda suka tsaya wannan ne ya fi dacewa a damƙa masa jini da dukiya da mutuncin jama'a na tsawon shekara 4. Babu alƙali a wurin, babu wanda ya ɗora maka Alƙur'ani, amma shaida ce, kuma mala'iku sun rubuta. Shaidar zur kuwa kowa ya san matsayinta. A hadisin Abu Bakra da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, ya ambaci shirka, ya ambaci saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaita ta har sahabbai suka ji ina ma ya yi shiru, saboda tausaya masa. A Suratun Nisa'i aya ta 135 kuma an umarce mu da tsayuwa a kan adalci wajen shaida ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi. To wanda aka hana shi karkata saboda mahaifinsa, ina ga karkata saboda ɗan garinsu ko ɗan ƙungiyarsu?

Tunda shaida ce, sai a tambaye ka: me ka sani a kan mutumin?

A zamanin Sayyidina Umar (RA) wani ya zo ba da shaida, sai Umar ya ce bai san shi ba, ya kawo wanda ya san shi. Wani ya miƙe ya ce shi ya san shi da kirki. Sai Umar ya fara yi masa tambayoyi. Maƙwabcinka ne na kusa, wanda ka san shigarsa da fitarsa dare da rana? Ya ce a'a. Kun taɓa yin tafiya tare, inda halin mutum yake fitowa? Ya ce a'a. Harkar kuɗi ta taɓa haɗa ku? Ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa ƙila dai ya gan shi ne a masallaci yana sunkuyawa yana ɗagowa, kuma wannan ba shi ne sanin mutum ba. Jama'a, a kan shaida guda ɗaya fa ke nan a gaban alƙali. Mu kuma jiha sukutum za mu miƙa wa mutum, da asibitocinta da makarantunta da baitulmalinta, hujjarmu ita ce mun gan shi a sahun gaba ranar Juma'a, da masu ɗaukar hoto a bayansa.

Kada wani ya ɗauki maganata ya ce na raina sallah, wa'iyazu billahi. Sallah ita ce ginshiƙin addini, wanda ya tozarta ta zai fi tozarta waninta. Abin da nake cewa shi ne sallar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ladanta nasa ne. Abin da zai iso gidanka daga mulkinsa shi ne amanarsa da iya aikinsa. Annabi (SAW) da kansa ya ba mu labarin matsiyacin wannan al'umma, a hadisin da Muslim ya ruwaito: mutum ne da zai zo ranar Alƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wancan, sai a yi ta kwasar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare, sannan a ɗebo zunubansu a jibga masa. Ka ga ashe ana iya haɗa sahun gaba da cin kuɗin 'yan fansho a jikin mutum ɗaya. Da ba a iya haɗawa da ba a gargaɗe mu ba.

Ga kuma wani ɓangaren da mutane ba sa son ji. Ko da mutum salihi ne na gaske, ba na hoto ba, salihancin kaɗai bai isa ya sa a ba shi mulki ba. Wa ya kai Abu Zarri (RA) gudun duniya da faɗar gaskiya? Annabi (SAW) ya yabi gaskiyar harshensa yabo mai girma. Amma da ya nemi a ba shi wani muƙami, sai Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ne, kuma kunya ce da nadama ranar Alƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke abin da ke kansa. Bai ba shi ba. A ɗaya gefen, Amru ɗan Asi (RA) bai fi 'yan watanni da musulunta ba aka naɗa shi kwamandan yaƙin Zatus Salasil, a cikin rundunar kuwa har da Abubakar da Umar. Ba wanda zai ce Amru ya fi su daraja. Aikin ne yake buƙatar abin da ke wurinsa.

Malamai sun taƙaita ma'aunin a abu biyu, ƙarfi da amana, daga maganar 'yar dattijon nan na Madyana a kan Annabi Musa a Suratul Ƙasas aya ta 26. Annabi Yusuf ma da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata, bai ambaci yawan ibadarsa ba, alhali Annabi ne ɗan Annabi. Ibnu Taimiyya a cikin Siyasatush Shar'iyya ya kawo cewa an tambayi Imamu Ahmad a kan mutum biyu da za a ba ɗayansu jagorancin yaƙi, ɗaya mai ƙarfi ne amma yana da saɓo, ɗaya salihi ne amma rarrauna. Imamu Ahmad ya zaɓi mai ƙarfin, saboda saɓonsa a kansa yake, ƙarfinsa kuma Musulmi ne za su amfana, shi kuwa ɗayan salihancinsa nasa ne, rauninsa kuma a kan jama'a zai faɗa. Sai dai a lura, saɓon da ake magana a nan wanda ya tsaya a kan mai shi ne. Ɓarawon dukiyar jama'a bai shiga wannan rangwame ba, domin shi saɓon nasa shi ne ainihin abin da zai faɗo a kanmu. Ibnu Taimiyya ma a wurin ya nuna cewa inda aikin na tsare dukiya ne, amana ake gabatarwa. Kujerar gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma kuwa, ai rabinta mabuɗin baitulmali ne.

Mu a Arewa ba labari aka ba mu ba, mun gani da idonmu. A watan Oktoba na 1999 aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihohi suka yi ta bi har suka kai 12. Mutane sun yi tururuwa, an yi kabbara, an yi kukan farin ciki, kuma niyyar talakawa mai kyau ce, Allah Ya ba su lada. Shari'a gaskiya ce, ba ta da aibi ko kaɗan. Amma 'yan siyasa da dama sun gane tun a lokacin cewa kalmar tana kawo ƙuri'a, sai suka riƙe kalmar suka saki abin da ke cikinta. Yau sama da shekara 20, je ka asibitin ƙaramar hukumarku da dare ka ga ko akwai likita. UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mafi yawansu namu ne. Shari'ar da Umar ya yi aiki da ita ita ce ta hana shi barci saboda jin kukan yara masu yunwa a gefen Madina, har ya saɓo buhun gari a bayansa. Wace shari'a ce za ta bar mai naƙuda ta mutu a kan babur saboda hanya ta lalace, alhali an fitar da kuɗin hanyar?

A zaɓen 2023 kuma muka shafe watanni muna ja-in-ja a kan tikitin Musulmi da Musulmi. Mumbarori suka ɗauka, coci-coci ma suka ɗauka ta nasu ɓangaren. A daidai wannan lokacin manyan 'yan takaran nan uku kowannensu ya faɗa a fili cewa zai cire tallafin man fetur. Ba su ɓoye ba. Mutum nawa ne a cikinmu suka tsaya suka tambaya: in an cire, me aka tanadar wa mai keke Napep da malamin firamare? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cirewar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma mai gidan mai bai tambayi kowa addininsa ba. Ko cirewar daidai ce ko kuskure, wannan fagen masana tattalin arziki ne, na bar musu. Abin da ya dame ni shi ne mun ba da shaida a kan abin da ba mu tambaya ba.

Na san wani zai ce, to Malam, kana nufin addinin ɗan takara ba ruwanmu da shi? A'a, da ruwanmu. Musulmi yana da haƙƙin ya duba wanda zai kare masa addininsa: 'yarsa ta sa hijabi a makaranta ba tare da tsangwama ba, a bar masa kotunan Shari'a, a kula da aikin Hajji, a ba shi filin masallaci a inda yake tsiraru. Sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin a tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas a 2022, don haka ba ƙaramar magana ba ce. Amma in za a auna addini a auna shi dukkansa. Alamomin munafuki guda uku da suka zo a hadisi, ƙarya da saɓa alkawari da cin amana, babu ɗaya a cikinsu da ake ganewa a tsawon gemu ko girman rawani, duka a mu'amala ake ganinsu. Kuma kada mu manta, lokacin da azaba ta yi tsanani a Makka, Annabi (SAW) Habasha ya tura sahabbansa, wurin sarkin da a lokacin Kirista ne, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ba a zaluntar kowa a wurinsa. Haka nan Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Wanda ya yi aiki nagari a faɗa ko ba namu ba ne, wanda ya yi ɓarna a faɗa ko limamin unguwarmu ne ya ɗaura masa aure.

Masallacin da ya gina fa? Allah Ya karɓa in da halal ya gina. Amma Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Mutumin da albashinsa sananne ne, ba a san shi da kasuwanci ba, ba a san shi da gado ba, cikin shekara 3 ya gina masallatai 5 da gidaje a Abuja, tambayar daga ina ba hassada ba ce. Annabi (SAW) ya aiki wani mutum karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Wani lokacin masallacin da kake sallah a ciki kana yi wa mai shi addu'a, kuɗin maganin asibitinku ne aka mayar da shi tayil da fanka.

Yanzu sai mu dawo kanmu, don in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Ranar zaɓe ana raba taliya, sabulu, atamfa, ko naira dubu 5 a ambulan. Yi lissafi da kanka: shekara 4 kwana 1,461 ce, dubu 5 a kanta bai kai naira 4 a rana ba. Farashin shaidarka ke nan. Shi kuma mai bayarwar ba sadaka yake yi ba. A 2022 fam ɗin takarar shugaban ƙasa a jam'iyya mai mulki naira miliyan 100 aka sayar da shi, na gwamna miliyan 50, tun kafin a zo sayen daliget da fosta da motoci. Wanda ya zuba irin wannan jari riba yake jira, kuma daga aljihunka za ta fito. Dokar Zaɓe ta 2022 ta mayar da saye da sayar da ƙuri'a laifi, amma mu kafin doka akwai abin da ya fi tsoratarwa. An la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Kuma a cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Duba ka gani ko wannan siffa ta yi nisa da abin da ake yi a bakin rumfar zaɓe.

Akwai fatawar da ta yaɗu a gari: karɓi kuɗinsu, ai naka ne suka sata, ka zaɓi wanda kake so. Na fahimci inda ta fito, amma ni ban gamsu da ita ba. Na ɗaya, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, zuciya tana jin nauyin wanda ya ba ta ko ba ta so. Na biyu, kana koya wa kanka da 'ya'yanka cewa a yi alkawari a saɓa dabara ce. Na uku, muddin ana karɓa za a ci gaba da rabawa, kuma mutumin kirki da ba shi da buhun kuɗi ba zai taɓa iya tsayawa takara ba. Duk da haka ba zan zauna a kan kujera in yi wa uwar marayu da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba hukunci ɗaya da ɗan kwangila. Yunwa gaskiya ce, kuma mafi girman zunubin yana kan wanda ya jefa ta a yunwar sannan ya zo yana sayen ta da ƙullin shinkafa. 'Yar uwa, in har kin riga kin karɓa, abin da kika karɓa bai halatta miki shaidar zur ba. In ma sun sa kin rantse, rantsuwa a kan saɓo ba a cika ta, ki zaɓi wanda kika san ya fi, ki yi kaffara: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana 3.

Mu malamai kuma namu ya fi na kowa nauyi, don talaka ƙuri'arsa ɗaya ya sayar, malami kuwa in ya karkata da dubbai yake karkata. Malami ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin ya so ɗan takara, har ya bayyana ra'ayinsa in ya ga maslaha. Amma ya faɗa da sunan ra'ayinsa, ya kawo hujjar aiki, kada ya ɗauko aya ya ɗinka wa mutum riga da ita, kada ya ce wanda bai zaɓi wane ba ya saɓa wa Allah. Kuma in an ba shi mota ko kujerar Makka, jama'ar da ke sauraronsa sun cancanci su sani. Mun gaji abin da ya fi haka. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi tasa ba. Ya nemi a musanya masa da wasu buƙatu, a cikinsu har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ya samu damar zama gaban sarki sai ya kashe ta a kan talaka. Yau in ɗayanmu ya samu minti 10 da gwamna, me yake fara roƙa?

To ta yaya za ka san mutum alhali ba maƙwabcinka ba ne, ba ku yi tafiya tare ba? Tambayoyin Umar ɗin nan dai su ne, sai ka nemi waɗanda za su iya amsa su. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In ya taɓa riƙe muƙami, tambayi ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa ko albashi yana fita, tambayi tsofaffin da suka yi ritaya ko an biya su haƙƙinsu. In ɗan kasuwa ne, tambayi waɗanda suka bi shi bashi da leburorin da suka yi masa gini. Sannan dubi matasan da ke bin motarsa. Duk wanda ka ga yana tafe da 'yan daba, ko sara-suka, ko kalare, ana raba musu ƙwaya da makami, alhali nasa 'ya'yan suna karatu a Ingila ko Dubai, wallahi ya riga ya gaya maka matsayin ɗanka a wurinsa, ko da kuwa shi yake jan baƙi a wurin tafsiri. Kuma kada hankali ya tafi kan kujerar Abuja kaɗai. Ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma da kansila sun fi kusa da rijiyar unguwarku, su ne kuma waɗanda za ka iya sanin halinsu ba tare da an ba ka labari ba.

Masu cewa duk ɗaya ne, ba za su fita ba, ina jin zafinku. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. Ban ce duk wanda ya zauna a gida ya yi zunubi ba. Amma da wuya a ce mutum biyu sun yi daidai ta kowace fuska, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa in ɓarna biyu suka haɗu babu makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Wanda ya san ɗaya ya fi ɗaya sauƙin sharri ya yi shiru, ya duba Suratul Baƙara aya ta 283 a kan ɓoye shaida, ya yi wa kansa hisabi.

In ka yi bincikenka, ka yi istihara, ka zaɓa don Allah, sannan mutumin ya juya ya ci amana, kai ka fita, laifin yana wuyansa. Ɗan uwanka da ya yi nasa binciken ya zaɓi wani daban shi ma bai kafirta ba, bai zama munafuki ba, kada ka daina gaishe shi, kada ka ƙi zuwa sunan ɗansa. Waɗanda kuke faɗa dominsu gobe za ka gan su a jam'iyya ɗaya suna ɗaurin auren 'ya'yansu.

Allah Ya shugabantar mana da mafi alherinmu, kada Ya ɗora mana, saboda zunubanmu, wanda ba ya tsoronSa kuma ba ya tausayinmu. Wassalamu alaikum warahmatullah.